Ɗan Wasa da Ranar Ubangiji: Me Fasto Zai Faɗa?

Gabatarwa

A ranar Lahadi, 10 ga Fabrairu 2013, Nijeriya ta ci Burkina Faso ɗaya da nema a birnin Johannesburg, ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka karo na uku. Wanda ya zura ƙwallon sunansa Sunday Mba. Da a ƙasar Hausa aka raɗa masa suna, Ɗanladi za mu kira shi. Da yawa a cikinmu mun yi tsalle a daren nan, fastoci da dattawa da 'yan mawaƙa, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko daidai ne 'yan wasan nan su yi aikin neman abincinsu a ranar Ubangiji. Irin wannan tambaya ba ta damunmu sai ranar da ta shigo gidanmu.

Ga yadda takan shigo. A ce akwai wani saurayi a ikkilisiyarka, iyayensa manoma ne daga ƙauyukan bakin dajin Birnin Gwari irin su Kusasu, rashin tsaro ya raba su da gonakinsu suka dawo gari. Yaron ya iya ƙwallo. Wata ƙungiya a Kaduna ko Minna ta gan shi ta kira shi gwaji. Ya sani sarai cewa yawancin wasannin gasar ƙasa ranar Lahadi ake buga su da ƙarfe huɗu na yamma, in kuma wasan na waje ne, tun Juma'a ko Asabar ake kama hanya. Sai ya zo ya rusuna ya ce, "Baba Fasto, in tafi ko in haƙura?" Albashin nan shi zai biya kuɗin haya da na makarantar ƙannensa. Dattijo ɗaya ya riga ya ce masa duk mai buga ƙwallo ran Lahadi ya karya doka ta huɗu. Wani kuma ya ce masa ai zamanin alheri muke, ya tafi abinsa. Yanzu amsarka yake jira.

Abin da wannan darasi zai nuna shi ne, Maganar Allah ta ɗora wa kowane mai bi yin sujada tare da 'yan'uwa da kuma hutawa daga aiki, amma batun buga wasa ko ƙin bugawa a rana kaza ta bar shi a hannun lamiri, lamirin da ita kanta ta horar. Aikinmu shi ne mu horar da lamirin, sa'an nan mu ɗauki rabonmu na asarar da zai iya jawowa.

Waɗanda suka ƙi buga wasa

Sunan da aka fi sani shi ne Eric Liddell, ɗan Sikotilan da aka haifa a ƙasar Sin a 1902, iyayensa 'yan mishan ne. Gwaninta tseren mita 100 ne. Da jadawalin wasannin Olamfik na 1924 a birnin Faris ya fito, sai ya ga zagayen farko na tseren ya faɗo ranar Lahadi, ya ce ba zai yi gudu ba. Fim ɗin da aka yi a kansa a 1981 ya nuna kamar a kan hanyar tafiya ya ji labarin, amma a gaskiya ya sani tun watanni kafin nan, ya kuma yi amfani da lokacin ya shirya wa tseren mita 400. Ya ci zinariya a daƙiƙa 47.6, ya kuma sami tagulla a mita 200. A 1925 ya koma Sin aikin bishara, ya mutu a sansanin da sojojin Japan suka tsare baƙi a Weihsien, ranar 21 ga Fabrairu 1945.

Akwai wani ɓangare na labarinsa da masu wa'azi ba su cika faɗa ba. Waɗanda suka zauna da shi a sansanin sun ba da labari cewa da farko ya ƙi shirya wa yara wasa ranar Lahadi. Yaran suka yi wasansu su kaɗai, ya ƙare da faɗa. Daga nan sai ya riƙa fitowa ran Lahadi yana yi musu alƙalanci. Mutumin da ya bar zinariya saboda ranar Ubangiji, shi ne kuma ya shiga fili a ranar saboda yaran da ba su da mai lura da su. Wanda ya riƙe rabin labarin kawai bai fahimci Liddell ba.

Michael Jones na ƙasar Niyu Zilan yana cikin manyan 'yan wasan zari-ruga na zamaninsa, kuma duk tsawon shekarunsa a fili bai buga wasa ran Lahadi ba. A gasar duniya ta 1991 wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo Lahadi, bai shiga ba, Ostiraliya ta fitar da ƙasarsa. A gasar 1995 ba a tafi da shi ba, domin muhimman wasannin sun faɗo ranakun Lahadi. Shi ba a ba shi wani tsere na dabam da zai ci ba. Asara ce kawai, ya kuma ɗauke ta.

Jonathan Edwards na Ingila, ɗan limamin Angilika ne, gwanin tsalle mai taku uku. Ya bar gasar duniya ta 1991 saboda Lahadi. A 1993 ya sake tunani, ya ga cewa baiwar daga Allah take kuma Sabon Alkawari bai ɗaure shi da wannan ƙa'ida ba, ya fara shiga gasa kowace rana. A 1995 ya yi tsallen mita 18.29, ya kafa tarihin duniya, ya kuma ci zinariyar Olamfik a 2000. A 2007 ya bayyana cewa ya daina ba da gaskiya. Wasu sukan ɗauki wannan su ce, kun gani, daga ranar da ya taɓa Lahadi ya fara faɗuwa. Mu yi hankali da irin wannan lissafi. Shekara goma sha huɗu ke tsakanin abubuwan biyu, a cikinsu kuma ya yi ta shaidar Almasihu a bainar jama'a. Zuciyar mutum Allah kaɗai ya san ta.

Ba Lahadi kaɗai ake ƙi ba. Sandy Koufax, Bayahude ɗan wasan besbol a Amurka, ya ƙi buga wasan farko na zagayen ƙarshe na gasar 1965 domin ya faɗo a Ranar Kafara, wadda muke karanta asalinta a Littafin Firistoci sura 16. Carlos Roa, mai tsaron gidan Ajantina a gasar duniya ta 1998, ɗan ikkilisiyar Adbentis ne masu kiyaye Asabar, ya ajiye ƙwallo a 1999 yana kan ganiyarsa saboda bangaskiyarsa, kafin daga baya ya dawo.

Abu ɗaya ya haɗa mutanen nan: sun bayyana matsayinsu a sarari, sun kuma yarda su biya kuɗinsa daga aljihunsu. Sakamakon kuwa ya bambanta. Saboda haka kada mu hau bagade mu yi wa matasa alkawari cewa duk wanda ya bar wasan Lahadi Allah zai ba shi zinariya ranar Juma'a. Labarin Jones kaɗai ya isa ya hana mu.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Dokar Asabar ta zo sau biyu, kowanne da dalilinsa. A Fitowa 20:8-11 dalilin shi ne halitta: Allah ya yi aiki kwana shida ya huta a na bakwai. A Maimaitawar Shari'a 5:12-15 dalilin shi ne fansa: Isra'ila bayi ne a Masar, Allah ya fitar da su, don haka dole bara da baiwa da jaki su ma su huta. Wannan dalili na biyu yana nuna cewa dokar ta fi nauyi a kan mai gida, wanda yake da ikon sa wasu aiki. Fitowa 34:21 ta ƙara da cewa hutun bai tsaya ba ko a lokacin huɗa da girbi, lokacin da manomi ya fi jin zafin barin gona. Ashe hutun Asabar gwajin dogara ne: ko ka yarda Allah zai ciyar da kai alhali hannunka yana naɗe?

Ubangijinmu Yesu ya kiyaye Asabar, yana zuwa majami'a bisa ga al'adarsa. Amma ya yi ta karo da Farisiyawa a kan ma'anarta. A Markus 2:23-28 ya kāre almajiransa da suka zagi alkama saboda yunwa, ya koyar cewa don amfanin mutum aka kafa ranar, shi ne kuma yake da iko a kanta. A Matiyu 12 ya tuna musu cewa firistoci suna aiki a Haikali ran Asabar ba tare da laifi ba, kuma ba mai barin tunkiyarsa cikin rami har gari ya waye. Ya warkar da marasa lafiya a ranar da gangan.

Bayan tashinsa daga matattu, masu bi suka riƙa taruwa a ranar farko ta mako. Muna ganin haka a Ayyukan Manzanni 20:7 da 1 Korintiyawa 16:2, a Wahayin Yahaya 1:10 kuma muka sami sunan nan, ranar Ubangiji. Sai dai ba inda manzanni suka rubuta cewa an ɗauke dokokin Asabar an ɗora su a kan Lahadi. A Kolosiyawa 2:16-17 Manzo Bulus ya hana a yanke wa masu bi hukunci a kan idi ko Asabar, ya kira su inuwar abin da ya cika cikin Almasihu. A Romawa 14 ya yi magana a kan mutum biyu, ɗaya yana fifita wata rana, ɗaya yana ɗaukar ranaku duka ɗaya. Bai ce wa ko ɗayansu ya sauya ba. Ya bukaci kowa ya tabbata a ransa, ya yi abin da yake yi domin Ubangiji, mai ƙarfi kada ya raina, mai rauni kada ya hukunta. Ya rufe surar da gargaɗi cewa abin da mutum ya yi da shakka a zuciya, ba da bangaskiya ba, zunubi ne a gare shi. Ibraniyawa 10:25 kuwa ba ta bar wa kowa zaɓi ba a kan abu ɗaya: kada a bar taruwa da 'yan'uwa.

Yadda Ikkilisiya ta bi da batun

A ƙarni uku na farko Lahadi ranar aiki ce a daular Roma. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Pliny ya rubuta wa sarki Trajan cewa Kiristoci sukan taru a wata rana sananniya kafin gari ya waye. Bawa Kirista yakan yi sujada da asuba ya koma aikin ubangidansa. Sai a 321 sarki Kustantin ya ba da doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi, amma ya ƙyale manoma su je gona, domin shuka ba ta jiran kowa.

A zamanin gyaran Ikkilisiya ra'ayi ya rabu. Mabiya Luther, a shaidar bangaskiyarsu ta Augsburg ta 1530, sun ɗauki Lahadi a matsayin tsari mai kyau da Ikkilisiya ta yi domin jama'a su san ranar taruwa. A Birtaniya kuwa, shaidar bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta ɗauke ta a matsayin Asabar ta Kirista, a bar aiki da wasanni yini guda, sai aikin larura da na jinƙai. A cikin wannan koyarwa Liddell ya tashi. Yawancin 'yan mishan da suka zo Arewa, tun daga Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham da suka sauka Legas a 1893, daga ƙasashen da wannan koyarwa ta yi ƙarfi suka fito. Shi ya sa kakanninmu ba sa zuwa gona ko kasuwa ran Lahadi, har wasu ba sa daka. Dattijon da ya ce ƙwallon Lahadi zunubi ne ba jahilci yake yi ba, gadon da aka ba shi yake riƙe da shi, gadon kuma ya taimaki masu bi na farko su zama sanannu a tsakiyar maƙwabtansu.

Ra'ayi na uku shi ne na 'yan Adbentis, waɗanda suke da tsohuwar tasha da asibiti a Jengre ta Jihar Filato. Su suna riƙe da rana ta bakwai, daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar. Ba mu yarda da fassararsu ba, amma abin da suke sha duk lokacin da zaɓe ko jarrabawa ta faɗo Asabar ya kamata ya sa mu girmama su.

Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun san wannan gwagwarmaya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya riƙa buga ƙwallon kwando a Amurka da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu 1995, watan da ya yi daidai da Ramadan. A Afrilu 2021 an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci a Ingila domin masu azumi su sha ruwa. Darasin da ke nan shi ne jadawali aikin mutane ne, yakan kuma tanƙwaru idan an roƙa da ladabi tun da wuri.

Yadda za mu ba da shawara

Mu koma wurin saurayinmu. Abu na farko, kada mu ba shi amsa kafin mu ji shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu tambaye shi, "Ɗana, kai me zuciyarka take gaya maka idan ka karanta waɗannan ayoyi?" Idan bayan nazari da addu'a ya tabbata cewa buga wasa ran Lahadi saɓo ne a gare shi, to, kada mu lallashe shi ya buga. Wanda aka koya wa take lamirinsa a ƙaramin abu, zai take shi a babba. Idan kuwa ya tabbata cewa yana da 'yanci, kada mu ɗora masa dokar da manzanni ba su ɗora ba, kada kuma a hana shi Jibin Ubangiji saboda haka.

Na biyu, mu gwada dalilinsa. Mai ƙin bugawa zai iya yin haka don a yabe shi. Mai bugawa zai iya kiran abin 'yanci alhali son kuɗi ne da suna. Tambayar da take tone gaskiya ita ce: ina za ka yi sujada? Wasan ƙarfe huɗu ba ya hana sujadar safe idan ana gida. Idan ana waje, zai nemi ikkilisiya a garin da suka sauka? Zai tara 'yan'uwa masu bi na ƙungiyar su yi addu'a su karanta Magana? Wace rana ce zai huta? Saurayin da ba shi da amsar waɗannan bai shirya tafiya ba tukuna, ko wane ra'ayi yake da shi a kan Asabar.

Na uku, a yi magana kafin a sa hannu. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin lamiri da addini, amma wanda ya sa hannu a kwantiragi ya karɓi kuɗi ya ɗauki alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai bi da ya ɓoye matsayinsa, sai ranar wasa ya ce wa koci ba zai shiga fili ba, ya cuci abokan wasansa ya kuma ɓata sunan Almasihu. Daniyel ya je wurin shugaban fādawa tun farko ya roƙi a sauya masa abinci, ya kuma kawo shawarar yadda za a gwada. Haka ya kamata yaronmu ya yi, ya kuma san cewa ƙungiya tana iya cewa ba ta bukatar ɗan wasan da ba ya buga Lahadi.

Na huɗu, kuma a nan ne muka fi kasawa: idan ya zaɓi ya haƙura, ikkilisiya ta tsaya tare da shi. Abu ne mai sauƙi fasto mai albashi ya gaya wa ɗan gudun hijira ya dogara ga Allah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa su zauna su duba wa zai koya masa sana'a, wa zai ɗauki kuɗin makarantar ƙanensa ɗaya, me zumuntar mata za ta iya yi wa mahaifiyarsa. Ikkilisiyar da ta yaba masa daga bagade ta bar shi da yunwa ta ɗaura masa kaya mai nauyi ba ta sa ko yatsa ba, abin da Ubangiji ya tsauta wa malaman Attaura a kansa.

Na biyar, mu dubi kanmu. A kan ɗan wasa ɗaya da zai buga ran Lahadi, akwai matasa da yawa da suke barin taron yamma su cika gidan kallon ƙwallo saboda wasannin Turai, wani lokaci har da mu. Akwai kuma dattijon da ba ya zuwa gona ran Lahadi amma yana tura 'yan ƙwadago. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 5, laifinsa ya fi na yaron da yake neman abin da zai ci.

Daga filin wasa zuwa gona

A yankinmu wannan tambaya ta fi zuwa da fartanya a hannu. Shekaru da yawa manoman Birnin Gwari ba sa isa gonakinsu sai ranar da hanya ta yi sauƙi. Ko bayan sulhun da gwamnatin jiha ta yi a Nuwamba 2024, da aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin, wanda ya sha wuya bai daina waiwaye ba. Idan ranar da aka sami zarafin kwaso masara ta faɗo Lahadi, me za mu ce? Ko Westminster mai tsanani ta yarda da aikin larura, Ubangiji kuma ya yarda a ciro tunkiya daga rami. Mu bar manomin ya kwaso abincinsa da salama a zuciya, mu matsar da lokacin sujada in ya yiwu, kamar yadda masu bi na farko suka yi da asuba. Amma mu koya masa ya bambanta larura da haɗama, domin wanda tunkiyarsa take faɗawa rami kowace Lahadi, shi yake tura ta.

Kammalawa

Ɗan wasan da ya ajiye takalmansa saboda ranar Ubangiji yana shaida wa duniya cewa akwai abin da ya fi kofi daraja, kuma muna bukatar irin wannan shaida. Ɗan wasan da ya yi sujada da safe ya shiga fili da yamma, ya yi wasa da gaskiya, bai karɓi cin hanci ba, bai nemi laya ba, shi ma yana shaida. Dukansu bayin Ubangiji ɗaya ne, a gabansa za su tsaya. Idan saurayin nan ya tashi daga gabanmu ya san abin da Littafi ya faɗa, ya yanke shawararsa da bangaskiya, ya kuma tabbata ikkilisiya ba za ta yashe shi ba ko wace hanya ya bi, to, mun yi aikin makiyayi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Kwatanta dalilin Asabar a Fitowa 20 da na Maimaitawar Shari'a 5. Wanne ne aka fi wa'azinsa a ikkilisiyarku, me kuma aka rasa ta wurin barin ɗayan?

2. Liddell ya ƙi gudu a Faris amma ya yi alƙalancin wasa a sansani. Ya sauya ra'ayi ne, ko ƙa'ida ɗaya ya bi a wurare biyun?

3. Idan majalisar dattawa ta rabu biyu a kan ko a hori matashin da yake buga ƙwallo ran Lahadi, yaya za ka bi da zaman bisa ga Romawa 14?

4. Waɗanne ma'aikata ne a ikkilisiyarku aikinsu yake hana su sujadar safe, kamar ma'aikatan jinya da direbobi da 'yan sintiri? Wane tanadi kuka yi musu?